Ɗakin Tayar da Aka Ba Babana Ajiya

Ranar kasuwar Cadawa ce, an gama yankan hatsi ana cikin tonon aya, a shekarar da na shiga aji na biyu a lakol, wato makarantar boko. Mun taso da rana tsaka, muna tafe muna ɓare ɗanyar gujiyar da muka tsinto a gonar wani, sai muka tarar da mutanen ƙauyenmu sun yi cincirindo a bayan gidanmu, har da tsofaffin da ba sa fita sai Juma'a. Na kutsa ta tsakanin ƙafafun manya. Motar Baturen rijiya ce tsaye a gindin gawonmu, ta jawo ɗakin nan nasa mai taya biyu, wanda muka saba hange daga nesa a bakin sabuwar rijiyar da suka haƙa mana. Fari ne, bayansa a zagaye kamar ƙwai, da ratsin shuɗi a kwiɓinsa da tagogi uku masu labule. Baturen da ma'aikatansa karaban suke ce masa, mu kuwa ɗakin taya. Aka kwance shi daga jikin motar, aka tokare shi da ƙafafun ƙarfe, Baturen ya kulle ƙofar ya miƙa wa babana makullin. Da gurguwar Hausarsa ya ce aikinsu ya koma arewa, inda yashi ba zai bar su su ja ɗakin ba, amma zai dawo ya ɗauka. Baba ya karɓa ya ce, "Yana nan." 

Ba banza aka zaɓi gidanmu ba. Babana, Malam Mahamman, ba mai gari ba ne, ba liman ba ne, gonarsa ma ba ta fi ta kowa girma ba. Abin da aka san shi da shi ajiya ne. In damina ta kama, Fulani za su yi arewa da shanu, a zaurenmu suke barin turmi da manyan ƙore da tabarmi da ragowar hatsinsu. In rani ya yi, samari za su tsallaka iyaka cin rani, nan suke barin hauya da akwati, wani har da tunkiyarsa. Baba ba ya rubutu. Kowane kaya yakan ɗaura masa ƙullin kaba irin nasa, kuma ban taɓa ganin ya rikita na wani da na wani ba. Dokarsa ɗaya ce, duk mun haddace ta tun muna rarrafe: ba a buɗe ajiya, ba a leƙa ta, ba a zama a kanta. "Ba naka ba ne," yakan ce, "ba ruwan idonka da cikinsa." Yayata Hajara, wadda ta girme ni da shekara huɗu, ta taɓa ɗaga faifan da aka rufe ƙwaryar wata Bafillatana don ta ga zanen. Bai doke ta ba. Mako guda ya yi in ta kawo masa ruwa sai ya ce a ba wani ya kawo. Duk gidan muka ga yadda ta rame a makon nan, kuma babu wanda ya manta.

Makullin ɗakin tayar ya kai wa baduku aka ɗinke shi cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya. Watannin farko bai yi wa ɗakin komai ba sai shara. Amma awaki suka gano inuwar ƙarƙashinsa, suna goga ƙaho a jikinsa, kaji suka fara ƙwai a bayan taya, rana kuma ta soma tsattsaga robar. Wata rana Inna ta ga maciji ya shige. Baba ya yi ta zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa shi da yatsa, sama da ƙasa, ko'ina ƙarar kwano yake ji. "Abin ga ƙarfe ne duk," in ji shi, "gara ba ta da abinci a nan. Rana da ruwa ne kawai za su cuce shi." Sai ya yi masa abin da yake yi wa duk ginin da yake ƙauna. Ya kewaye shi da katanga tun daga ƙasa har ta haɗe da ƙasan jikinsa, ta rufe tayoyin, bai bar ko kafar da ɓera zai bi ba. Ya kafa dirkoki ya ɗora masa jinka. Ƙasarmu jigawa ce, babu laka, sai an je tabki da jaki an ɗebo a mangala, kuma ni ne mai korar jakin. Ni ne kuma mai kwaɓa ƙasar da ƙafa, da ƙaiƙayi da kashin jaki, Hajara tana kawo ruwa a tulu daga rijiya, Baba yana yaɓe yana shafe shi da tafin hannu har ya yi sumul. Kowace bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai an sake yaɓen, tun kafin a taɓa ɗakin Inna da yake yoyo. Masu wucewa kasuwa sukan tsaya su duba, su ce ajiyar Mahamman ta fi amarya gata.

A shekara ta biyu wata kazarmu ta koma yin ƙwai cikin jinkar, Inna ta aike ni in hau in kwaso. A tsakanin jinkar da rufin ɗakin na ga wani murfi mai faɗin faifai. Na taɓa shi kawai, ya ɗago. Na daɗe a kwance rub da ciki ina kallon ramin, ƙwai biyu a hannuna, ina jin ƙamshin sabulu da taba yana fitowa. Washegari, da Baba ya tafi gona, na dawo na zura ƙafafuna na faɗa kan katifa. Akwai gado, da ɗan teburin da ake naɗewa a jikin bango, da kabad, da murhun ƙarfe mai baki biyu. Akwai madubi wanda a cikinsa na fara ganin fuskata gaba ɗaya, har da kunnuwa, don na Inna ido ɗaya kawai yake nunawa. A bango kuma an manna taswira mai sunayen garuruwa.

Tun daga ranar ɗakin ya zama nawa. A lakol, duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, malaminmu, da muke ce wa mushe, yakan rataya masa wani ƙashin jaki a wuya, ya yini da shi har ya kama wani, ni kuwa na sha yini da shi. A cikin ɗakin tayar babu mai yi mini dariya. In an yi azahar gida ya yi tsit, sai in hau, in zauna a teburin da allona da alli, in yi ta maimaita Faransanci a gaban madubi, in karanta sunayen taswirar a hankali: Kwatanu, Abijan, Marsai. Abokaina suna ƙera ɗakin taya da karan dawa, su yi masa taya da fasasshiyar ƙwarya, muna jan su a yashi bayan mun gaji da langa. Sukan tambaye ni me ke ciki, tunda a gidanmu yake. In ce ban sani ba, ai ajiya ce. Suna ganin girmana saboda wannan amsa.

A damina ta uku ne dugadugina ya nutse a kusurwar da ke kusa da ƙofa. Na ɗaga shimfiɗar robar da ke ƙasa. Katako ne a ƙarƙashinta, ba ƙarfe ba, kuma jijiyoyin jar ƙasa sun bi shi kamar saiwa. Na buɗe kabad, na leƙa ƙarƙashin gado, na ɓanɓare gefen bango da farce. Ko'ina itace ne, kwanon fata ce kawai daga waje. Babu yaron ƙauye da bai san gara ba. Mun san dalilin da ake ɗora rumbu bisa duwatsu, a bar iska tana wucewa ta ƙasa, a zuba toka a gindinsa. Na kuma san ta inda ta hau: ta cikin katangar da na kwaɓa da ƙafafuna. Ni kaɗai a duk ƙauyen na san wannan, kuma ba ni da hanyar da na san shi sai wadda ba ta faɗuwa.

Na yi yaƙi da ita ni kaɗai, yaƙin yara. Na riƙa cika aljihu da toka daga murhun Inna ina barbaɗawa. Na kankare hanyoyinta da guntun kwano, in dawo bayan kwana biyu in tarar ta sake ginawa. Na saci kananzir daga fitila na zuba, har Inna ta fara zargin mai sayarwa da algus. Sau ɗaya na kusa faɗa. Muna noma na biyu a gonar hatsi, ni da Baba, yana gaba ina biye, na ce, "Baba, in da itace a cikin ɗakin taya fa?" Ya tsaya ya dogara da hauya, ya dube ni. "Wa ya ce ma?" Na ce ba kowa. "To, ka bar zancen cikin ajiyar mutane." Ya duƙa ya ci gaba. Na bar zancen. Bazara biyu bayan wannan na kori jaki zuwa tabki, na kwaɓa ƙasa, na miƙa masa curi-curi yana ƙara wa katangar kauri, ina sane da abin da muke ciyarwa a ciki.

A shekara ta biyar wani ɗan kasuwa ya kawo saƙo daga Agiye, cewa direban Baturen zai zo jibi ya ja ɗakin. Kwana biyu ke nan aka ba ni. Abin da na yi da su shi ne, da safe na hau na kwashe allina da guntayen takarduna, na share tokar, na goge sawun ƙafata a kan katifa, na mayar da murfin. Ranar da za a zo Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, maƙwabta suka taru, shi da kansa ya ɗauki gatari ya fara fasa katangar. Wani wari na ruɓa ya fito, muka ga duk ƙarƙashin ɗakin a lulluɓe da ginin gara, amma Baba ya ce a jikin ƙarfe ta yi, kankarewa za a yi. Ya yanke fatar makullin da wuƙa ya ba direban, wani dogon Bazabarme mai fara'a. Direban ya buɗe, ya sa ƙafa ɗaya, ƙafar ta wuce har gwiwa. Ya kai hannu ya dafa kabad don kada ya faɗi, hannun ya shige kamar cikin busasshen ganye.

Bai yi faɗa ba. Ya fito yana kakkaɓe wandonsa, ya ce, "Baba, wannan ba a rufe masa ƙasa. Waje ne kawai kwano, ƙashinsa duk itace ne." Baba ya tsuguna a bakin ƙofar, ya ɗauki wani guntun katako, ya murza shi ya zama gari. "Itace," in ji shi. "Ni da nike ɗora rumbu bisa dutse tun ban yi aure ba. Da na san itace ne." Bai dubi kowa ba. Ina tsaye kusa da shi, har bakin rigarsa yana taɓa ƙafata, kuma ban ce komai ba.

Direban ya tafi da motarsa babu ɗaki. Bayan wasu makonni saƙo ya zo cewa Baturen ya ce ba komai, tsohon abu ne, Baba ya riƙe. Ina ganin wannan ya fi ciwo. "Ba kyauta ya ba ni ba," ya ce wa Inna, "ajiya ya ba ni." A cikin watan ya aika wa duk mai kaya a zaurenmu ya zo ya ɗauka. Buba, wani dattijon Bafillace da ya fi kowa daɗewa yana barin kaya a wurinsa, ya zauna a ƙofar zaure yini guda ya ƙi tashi. "Mahamman, shekara nawa turmina yana kwana gidanka, ko tsagewa bai yi ba. Don kwanon Nasara za ka kore ni? Ni gara ba ta ci mini komai ba." Baba ya ɗora masa turmin bisa takarkarin Buba da hannunsa, ya ɗaure, ya ce, "Kai shi gun wanda ya san abin da aka ba shi." Zauren ya zama fili, muryar mutum tana amsawa a ciki. Ɗakin tayar kuwa ya hana a fasa, ya hana a gyara, ya hana a yi maganarsa.

Ni na wuce makaranta Maraɗi, daga nan na sami aikin rakiyar kaya daga tashoshin jiragen ruwa, aikin da ya kai ni duk garuruwan taswirar nan har da waɗanda ba su cikinta. Na iya Zabarmanci da Yarbanci a hanya, na ƙara Larabci a Jidda. Kusa da Kwatanu na ga gari guda da aka gina bisa sanduna a kan ruwa. A wajen Marsai na tarar da wani fili cike da ɗakunan taya irin namu, an jera su don hunturu, kowanne a ɗage bisa tubali, murfin rufinsa a buɗe kaɗan. Tsohon da ke gadinsu ya ce mini babu abin da suke so irin iska. Na ce masa a ƙasarmu haka muke yi wa rumbu. Ya yi dariya, ya ce ashe duk duniya kanta ɗaya. Ban gaya masa sauran ba. Ko'ina na je mutane sun san a raba itace da ƙasa, kuma babana ya fi su sani. Abu ɗaya ne kawai bai sani ba, shi ma yana bakin ɗansa. Nakan zo gida in yi kwana huɗu ko biyar, in kawo masa riga da turare, mu yi zancen damina. Ya rasu ina Abijan.

Rani biyu ke nan da na dawo gida gaba ɗaya. Na tarar da ɗakin ya nutse cikin yashi har saman taya, kalgo ya tsiro ta tsakiyarsa ya fita ta taga, an ɓalle kwano biyu an rufe akurkin kaji da su. Na nemo Sanusi, wani kafinta daga Cadawa, da wani mai walda daga Agiye. Muka tone shi, muka ɗaga shi da jak muka ɗora bisa duwatsu. Muka cire kwanon ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta wa kowanne lamba da alli don kada mu rikice wajen mayarwa. Ƙarfen ƙasan ya yi tsatsa amma bai mutu ba, kwana tara muka yi muna goge shi da burushin waya. Na itace kuwa babu abin da ya rage da za a auna, sai dai Sanusi ya bi ramukan ƙusa a jikin kwano ya gane inda kowace sanda take, ni kuma in ce masa nan gado yake, nan tebur, nan kabad. Kowane katako sai mun jiƙa shi da baƙin mai kafin a kafa. "Alhaji, ina za ka da shi?" in ji Sanusi. "Ko motar ja ba ka da. Ko amarya za a sa ciki, mu fara shirin cin tuwo?" Wata rana kuma ya ajiye zarto ya dube ni. "Kai, ɗakin da aka ce ba a taɓa buɗe shi ba sai ranar da ya rushe, ya aka yi ka san har inda madubi yake?" Na ce masa ya ci gaba da aiki.

Tambayar ce ta kai ni Gazawa, wurin Yaya Hajara. Mu biyu muka rage. Idonta ya yi rauni, na same ta a tsakar gida tana ɓarar wake da laluben hannu. Na gaya mata duka, tun daga kazar har zuwa sharar toka. Ba ta daina ɓarar ba. Da na gama sai ta ce:

"Yanzu ni kake so in ce maka me, Issa? In ce yaro ne kai?"

Na ce ban sani ba, Yaya.

"Da ka faɗa, fushin wata guda ne, ya wuce. Kai ka tahi lakol ka bar mu da shi. Ka san tun ranar nan bai sake bin bayan gida ba? Gona tana nan bayan gawo, ana hango ta, amma sai ya fita ta ƙofar zaure, ya bi ta rijiya, ya zagaya maƙabarta, kana ya shiga. Safe da marece, da hauya a kafaɗa, har ƙafa ta ƙi. In an tambaye shi ya ce yana son tafiyar." Ta tura mini ƙwaryar waken. "Taya ni. Kana ta gyaran kwano."

Yau ɗakin yana tsaye bisa duwatsunsa, fari, iska tana wucewa ta ƙarƙashinsa, jikokin marigayi ƙanena suna shiga suna fita da ƙafa duk ƙura, ba na hana su. A da zaure ɗaya da ƙullin kaba sun isa riƙe kayan rabin daji, don an san mutumin da ke zaune a ƙofar. Yanzu kowa yana da kwaɗo da ƙofar ƙarfe, mai tafiya kuma yakan bugo waya ya tambayi kayansa kowane mako, kuma a cikin masu tasowa babu wanda ya san dalilin da ya sa zaurenmu ya fi gidan girma. Washegarin dawowata daga Gazawa na fita ta ƙofar zauren, na bi ta rijiya, na zagaya maƙabarta, na shiga gonar ta can. Ba ni da hauya a kafaɗa. Sau ɗaya na bi ta, sai da na zauna na huta.